Kwamfutata tana mutuwa ɗif ina tsakiyar wasa: zafin Garwa ne ko wani abu ya lalace?

Dan_Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin abin nan ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Ina da kwamfutar tebur da na haɗa wajen shekara ɗaya da rabi ke nan: Ryzen 5 5600X, katin hoto RTX 3060, RAM giga 16. Akwatin wutar kuma, wato mai raba wa kayan cikin kwamfutar wuta, wanda ya zo tare da kes ɗin ne, an rubuta wat 600 a jikinsa. Duk tsawon damina da hunturu ba ta taɓa ba ni matsala ba. Amma tun tsakiyar Maris, in na shiga GTA V ko Warzone, minti ashirin zuwa talatin sai ta mutu ɗif, kamar an ɗauke wuta, alhali fankar ɗaki na juyawa, ƙwan fitila na ci. Babu shuɗin allo, babu saƙo, babu komai. In kallon YouTube ne ko rubutu, sai ta wuni lafiya lau. Jiya sau uku ta yi min. Ina zaune a Garwa, ɗakina na kwano ne, babu AC. Me ya kamata in fara dubawa?

BabaGoni_Marwa:
Wa alaikumus salam. Ɗakin kwano, watan Afrilu, a Garwa, kuma kana tambayar me ya faru? Kai ma da ake saka ka gudu minti talatin a ɗakin nan ai da ka faɗi.

Sarkin_Manette:
Ƙura ce ɗan'uwa. Yaushe rabonka da buɗe ta? In tun kafin hunturu ne to ka samu amsa.

Dan_Yelwa:
@Sarkin_Manette gaskiya tun da aka haɗa ta sau ɗaya na buɗe, shi ma RAM na ƙara. Ina dai goge gilashin gefe da tsumma.

Sarkin_Manette:
Gilashin gefe! Allah ya shirye ka. Ka wanke wa jaki fuska ka bar shi da kaya.

MaiGyara_Poumpoumre:
Salam. Sana'ata ke nan, kuma daga Maris zuwa Mayu irin wannan ƙorafin ya fi komai yawa a shagona. Amma kada mu yi saurin cewa zafi ne kawai, akwai abin da nake so ku lura da shi. Furosesa ta zamani ba ta mutuwa haka nan daga jin zafi. In ta kusa iyakarta, rage gudu take fara yi don ta huce. Ita 5600X iyakarta digiri 95 ce, RTX 3060 kuma 93. Kafin a kai ga ɗaukewa gaba ɗaya, yawanci za ka ga wasan ya fara sarƙewa, hoto na tsalle-tsalle, fankoki na ihu kamar injin niƙa. To ƙanena, amsa min biyu. Na ɗaya, kafin ta mutu wasan yana yin nauyi ne, ko yana tafiya sumul sai kawai ɗif? Na biyu, in ta mutu ka danna maɓallin kunnawa nan take, tana tashi? Ko sai ka kashe makunnin da ke bayan akwatin wuta ka jira tukuna?

Dan_Yelwa:
Yaya MaiGyara na gode. Fankoki kam suna ihu sosai. Wasan yana ɗan nauyi amma ba can ba. Na biyun kuwa ka taɓo wajen: ba ta tashi nan take. Sai na kashe na baya, na jira kamar minti biyu ko uku, sannan ta yarda.

MaiGyara_Poumpoumre:
To ka ji. Wannan ɗabi'ar akwatin wuta ce. Akwai matakan kariya a cikinsa, in an ja wuta fiye da ƙarfinsa ko shi kansa ya yi zafi fiye da kima, sai ya yanke ya kulle kansa, ba ya sakewa sai an raba shi da wuta. Ban ce na tabbatar ba, don madabod ma kan yi haka wani lokaci, amma can zargina ya fi karkata. Duk da haka a fara da aunawa. Sauke HWiNFO64, kyauta ne, ka buɗe ɓangaren na'urorin auna zafi, ka danna wajen da yake ajiye bayanai a fayil, sannan ka shiga wasa. In ta mutu fayil ɗin na nan, sai mu ga lambobin daƙiƙun ƙarshe.

Kusiri_Boy:
Ni tawa laftof ce, haka take min. Na sa ledar ƙanƙara a ƙarƙashinta ta daina.

Injiniya_Hadiza:
@Kusiri_Boy don girman Allah ka daina. Ka taɓa lura da yadda jikin gorar ruwan sanyi ke yin gumi? Haka cikin laftof ɗinka zai yi, kuma ruwa a kan madabod ba a gyara shi da addu'a. Ɗaga bayanta da littafi biyu iska ta shiga, kuma ka sauke ta daga kan katifa, don na san a kan katifa take.

Kusiri_Boy:
Aunty wa ya gaya miki a kan katifa take 😂

Injiniya_Hadiza:
Duk ɗaya kuke.

Komawa kan mai tambaya. Akwai lissafi mai sauƙi da mutane ke mantawa. Fanka da ƙarfen sanyaya ba sa ƙera sanyi, zafin furosesa kawai suke kwashewa su zuba a iskar ɗaki. Saboda haka duk digirin da ɗakinka ya ƙaru, kusan shi ne zai ƙaru a kan furosesa. Masu gwajin da kuke kallo a YouTube a ɗaki mai digiri 21 ko 22 suke aunawa. In suka ce abu ya tsaya a 75, kai da ɗakinka ya kai 42 da azahar, ƙara ashirin a kai, ka ga ka isa 95 ba tare da komai ya lalace ba. Shi ya sa kwamfutar da ta yi lafiya a Janairu take birkicewa a Afrilu. Kuma abin da ya fi damuna, akwatin wuta ma haka yake. Masu kyau ana auna ƙarfinsu a digiri 40 ko 50. Masu araha da yawa a ɗaki mai sanyi aka samo lambar da aka buga a jikinsu, in ma an auna ɗin. Wat 600 na takarda, in ya sha zafin Garwa, Allah kaɗai ya san nawa ya rage.

Adamawa_Sanyi:
Ku taho Ngaundare ku huta. Nan da daddare sai da bargo wani lokaci. Katina bai taɓa wuce 70 ba.

BabaGoni_Marwa:
Ga shi nan ya zo. Duk muhawarar da aka buɗe sai mutanen tudu sun shigo yi mana gori. Ku da kuke sama da mita dubu ai dole. Mu da ke kwari Allah na tare da mu.

Abakar_Njamena:
Ku na Garwa ma kuna da Binuwai kusa. Ku zo Njamena a Afrilu ku ga yadda roba ke laushi a rana. Ni dokar da na kafa wa kaina, daga ƙarfe sha ɗaya na safe zuwa la'asar sakaliya ba na kunna wasa mai nauyi. Bayan isha'i nake bugawa. Ba dabara ba ce ta injiniya amma shekara uku ke nan ban ƙona komai ba.

Dan_Yelwa:
Na dawo. Na yi yadda Yaya MaiGyara ya ce, da misalin ƙarfe uku na rana. Ta mutu bayan minti 24. Layin ƙarshe a fayil ɗin: furosesa 91, katin hoto 84, wurin da ya fi zafi a katin 97. Tana zaune ba a komai kuma furosesa na kan 58 zuwa 62. Na kuma duba kundin kurakuran Windows, wato Observateur d'événements kamar yadda wani abokina ya ce, na ga jan kuskure, Kernel-Power 41, har guda goma sha. Wannan ne matsalar?

Sarkin_Manette:
91! Ai na faɗa. Zafi ne, a rufe zance.

MaiGyara_Poumpoumre:
A'a, kada a rufe. 91 ya yi yawa, ban musa ba, kuma 60 a zaune alama ce ta ƙura ko bushewar man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya. Amma 91 bai kai 95 ba, ko rage gudu na dole ba ta fara ba balle ta kashe kanta. Katin ma yana cikin iyakarsa. Shi kuma Kernel-Power 41 ba ya nuna mai laifi. Abin da yake cewa kawai shi ne Windows ta farka ta tarar ba a kashe ta yadda ya dace ba. Ko filogi ka fizge daga bango, 41 ɗin nan za ka gani. Abin da zai amfane ka, buɗe shi ka shiga bayanan ciki ka duba BugcheckCode. In sifili ne, to Windows ba ta ma samu zarafin yin shuɗin allo ba, wuta ce ta yanke mata. In akwai lamba, sai mu koma zancen direba ko RAM.

Dan_Yelwa:
Sifili ne, duka.

Ousmanou_237:
Ni fa ban yarda da zancen akwatin wuta ba. 5600X ba ta wuce wat 76, 3060 kuma 170. Haɗa da madabod da fankoki da disk, da ƙyar a kai 300. NVIDIA da kanta 550 ta ce a sa. Yana da 600. Ina matsalar? Ni RAM nake zargi, musamman da ya ce ya ƙara daga baya. In sandunan biyu ba iri ɗaya ba ne kuma an kunna XMP, saitin da ke ƙara wa RAM gudu, zafi na iya sa su fara kuskure. Ya kashe XMP a BIOS, ya sa manhajar gwajin RAM ta MemTest86 ta kwana tana gudu.

Injiniya_Hadiza:
@Ousmanou_237 lissafinka daidai ne in 600 ɗin gaskiya ce. Dan_Yelwa, leƙa takardar da ke manne a gefen akwatin wutar, akwai jadawali. Nemi inda aka rubuta +12V ka gaya mana amfiya nawa ne a ƙarƙashinsa. Furosesa da katin hoto duk daga layin 12 suke sha, sauran layukan ba su da wani amfani a wannan lissafin. Gwajin RAM ɗin ma ba laifi ya yi, ba ya cin ko sisi, sai dai matsalar RAM ta fi zuwa da shuɗin allo ko wasa ya rufe kansa ko kwamfuta ta sake tashi da kanta. Mutuwa ɗif a ƙi tashi ba halinta ba ne sosai.

Dan_Yelwa:
An rubuta +12V 28A. Sunan kamfanin ma ban taɓa jin sa ba, kuma babu tambarin 80 Plus, shaidar rashin ɓarnar wuta.

Injiniya_Hadiza:
28 sau 12, wat 336 ke nan. Ga 600 ɗinka. Sauran sun tattaro su ne daga layin 5 da 3.3 don lambar ta yi kyau a kwali. Kwamfutarka na neman kusan 300 a wasa, katin kuma yakan yi fizgar wuta na ɗan ƙiftawar ido sama da haka. Tun farko a bakin gaɓa kake tafiya, sanyin hunturu ne ya rufa maka asiri.

Ousmanou_237:
To na janye rabi. Amma ya gwada RAM ɗin duk da haka.

BabaGoni_Marwa:
Araha ba ta ado. Mutum zai zuba dubban ɗaruruwan sefa a katin hoto, in aka zo akwatin wuta sai ya ce a ba shi na kyauta da ya zo da kes. Ni ma na yi wannan wautar, ba gori nake ba. Ina da ɗan shagon wasa a Domayo, PS4 huɗu da kwamfuta biyu. Shekarar da na buɗe, ɗaya daga cikin kwamfutocin ta yi ta irin wannan mutuwar, ina ta ɗora wa yara laifi wai suna taɓa waya. Ranar da abin zai ƙare, wani yaro na tsakiyar buga ƙwallo sai muka ji fat, ga warin ƙonannen roba, hayaƙi siriri na fita ta baya. Akwatin wutar ya tafi, ya ja madabod da disk ɗaya suka tafi tare. Naka ma gode wa Allah yana da kariyar da ke yankewa. Nawa bai yanke ba, shi ya sa ya ƙone. Shawarata kada ka ci gaba da tsokanarsa kana gwaji sau goma a rana.

Alhaji_Lopere:
Yara kuna ta zancen cikin kwamfuta kun manta da abin da ke shigowa daga bango. Wannan lokacin ruwan dam ɗin Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya, kowa ya kunna fanka da firiji, wutar unguwa sai ta yi rauni. Mitar da ke jikin regilatata da rana tana nuna 180, wani lokaci ƙasa da haka, maimakon 220. Fankar sama ba za ta tsaya ba, ƙwan LED ba zai nuna maka komai ba, amma kwamfuta mai jan wuta za ta ji a jikinta. Ɗana, kana da regilata mai daidaita wuta, ko ondila mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta?

Dan_Yelwa:
Baba Alhaji ina da ondila ƙarama, 650VA. Kwamfutar da allon duk a kanta suke.

MaiGyara_Poumpoumre:
Tab. Ga wani mai laifin kuma ya fito. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. VA ba wat ba ne. Irin waɗannan ƙananan 650VA abin da suke iya ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba, kuma wannan da sabon batir. Akwatin wutarka in yana ba da 300 a ciki, daga bango yana jan fiye da haka saboda asarar da ke zama zafi, ga allo a kai. In wutar gari ta ɗan yi ƙasa ondila ta koma batir kana tsakiyar wasa, batirin da ya shekara da rabi a zafin nan ba zai riƙe ba. Tana yin ƙara kafin ta mutu?

Dan_Yelwa:
Da abin kunne nake wasa, ban sani ba wallahi. Amma in ta mutu allon yana nan a kunne, yana rubuta babu sigina.

MaiGyara_Poumpoumre:
To in allon bai mutu ba, ondilar ba ta yanke gaba ɗaya ba. Hakan ya rage mata laifi, bai wanke ta ba, don allo na iya jure ɗan giɓin da akwatin wuta mai rauni ba zai jure ba. Gwaji mai sauƙi: cire kwamfutar daga ondila ka sa ta a regilata kawai, ko kai tsaye a bango in wutar ta daidaita da dare.

Najeriya_Mubi:
Ina bin ku daga tsallaken iyaka. Wai mene ne ondila? Sai da na karanta sau biyu na gane UPS kuke nufi, regilata kuma stabilaiza. Mu nan janareta ne ke kashe mana kaya. Wanda duk zai sa kwamfutar wasa a ƙaramin janareta ba tare da stabilaiza ba, ya tanadi kuɗin gyara.

Sarkin_Manette:
Duk naku dogon turanci ne. Ya buɗe ya share tukuna mana! Ko likita sai ya wanke ciwo kafin ya duba.

MaiGyara_Poumpoumre:
A nan kam Sarki ya yi gaskiya. Ƙanena, ga yadda za ka yi, kuma ka bi a hankali don na ga ɓarnar da gyaran gida ke yi.

Ka bar ta ta yi aiki kamar minti goma ta ɗumama, sannan ka kashe, ka cire filogi, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu. Dalilin ɗumamawar, a AM4, irin mazaunin furosesarka, in man ya bushe yakan manne furosesa da ƙarfen sanyaya kamar siminti. Ka ja da ƙarfi sai furosesar ta fito tare da shi, ƙafafunta su lanƙwashe. Wata biyu da suka wuce na wuni da allura da gilashin ƙara girma ina miƙe wa wani ƙafafu bakwai. Saboda haka in ka kwance sukurori huɗun, murɗa shi hagu da dama a hankali har ya saki, kada ka fizga sama.

Fitar da ita tsakar gida ka hura da bulowa. Riƙe kowace fanka da yatsa ko ka sa tsinke, kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Tsohon man ka goge da alkol na kemis mai ƙarfi, 90 ko sama, da ƙyalle mara gashi. Sabon man ɗigo ɗaya a tsakiya kamar ƙwayar wake, ƙarfen zai baje shi da kansa. Ɗaure sukurorin a gicciye, kaɗan-kaɗan. Akwatin wuta kuwa hura shi daga waje kawai. Kada ka kwance shi, akwai kafasito a ciki da ke riƙe wuta ko an cire filogi. In kuma akwai ɗan jan makunni a bayansa mai 115 da 230, kada hannunka ya kai wajen.

Kusiri_Boy:
In babu man, an ce man goge baki yana yi.

Injiniya_Hadiza:
Kai dai yau sai ka kashe wa wani kwamfuta hankalinka zai kwanta. Man goge baki ruwa ne a cikinsa, kwana kaɗan ya bushe ya zama gari. Ƙaramin sirinji na Arctic MX-4 zai yi maka shafi da yawa, ana samu wajen masu gyara.

Maman_Walid:
Ni ba na wasa, na ɗana ce nake kula da ita don ni na biya kuɗin. Abin da na gani da idona: a ƙasa ya ajiye ta kan darduma, a lungu tsakanin gado da bango. Da na ɗaga ta ranar share ɗaki, ƙasanta akwai wata 'yar raga, ƙura ta toshe ta ta zama kamar bargo, har da gashin darduma. Na wanke ragar na sa ya ɗora kwamfutar kan benci. Ihun da take yi ya ragu sosai. Ku duba ƙasa, ba gefe kawai ba.

Dan_Yelwa:
Hajiya kamar kina ɗakina. Tawa ma a kan kafet take, ƙarƙashin tebur.

Na yi aikin jiya da safe. Jama'a na ji kunya. Ƙurar da ta fita ta ishi a shuka gyaɗa. Tsakanin fankar furosesa da ƙarfen akwai wani faifan ƙura da na ɓare shi da hannu guda ɗaya kamar fatar kilishi. Man ya bushe ƙamas, yana farfashewa. Ragar ƙasa kuma yadda Maman_Walid ta faɗa, ko haske ba ya ratsa ta, kuma ashe ta nan fankar akwatin wuta ke shaƙar iska, ƙafafun kes ɗin sun nutse a kafet. Wato wata da watanni a toshe yake. Wani abin kuma, fankar baya ashe a juye mai haɗawa ya ɗaura ta, tana turo iska ciki maimakon ta fitar. Na gyara. Na ɗora ta kan tebur. Yanzu a zaune 47, a wasa furosesa 79, kati 74.

Sarkin_Manette:
Wa ya faɗa tun farko? A ba ni kambuna.

Ousmanou_237:
Ta daina mutuwar? Shi ne tambayar.

Dan_Yelwa:
Jiya na yi awa uku da dare lafiya. Yau da rana bayan awa ɗaya da 'yan mintuna ta sake yi, sau ɗaya. Furosesa na kan 81 lokacin. MemTest86 kuma ya zagaya sau huɗu babu kuskure ko ɗaya.

Sarkin_Manette:
To fa.

Ousmanou_237:
Na janye sauran rabin.

Injiniya_Hadiza:
81 ba ya kashe kwamfuta. Sharar ta taimaka don akwatin wutar ya samu iska, shi ya sa ya jure awa ɗaya maimakon minti ashirin, amma har yanzu a bakin ƙarfinsa yake. Kafin ka samu kuɗin sabo, rage masa kaya. A manhajar saita katin hoto ta MSI Afterburner ja iyakar wutar katin zuwa kashi 75 ko 80, abin da za ka rasa a wasa kaɗan ne, da ƙyar ido ya gane. In allonka mai 60Hz ne, ƙayyade wasan a 60, babu amfanin kati ya yi ta haƙilon zana hotuna 110 da allon ba zai nuna ba. A BIOS kuma akwai Eco Mode da ke mayar da furosesar kan wat 45. In da waɗannan ta daina mutuwa, ka ƙara samun shaida a kan akwatin wuta.

Abakar_Njamena:
Ƙayyade hotunan nan ni ma shi nake yi, ɗakin ma ya fi daɗin zama. Mutane ba sa tunawa wat 300 ɗin nan duk a ɗaki yake ƙarewa, kamar ka kunna ƙaramin rishon lantarki kusa da ƙafarka. Tambaya ta gefe: na'urar sanyaya ɗaki mai ruwa, wadda ake zuba wa ruwa tana hurowa, tana cutar da kwamfuta?

MaiGyara_Poumpoumre:
A rani da iska ta bushe ba ta da laifi in tana nesa, tana sanyaya ɗakin ne. Kada dai a saita bakinta cikin kes, kuma a bar taga a buɗe. Da damina kuwa ba ta da amfani, laima kawai take ƙarawa.

Dan_Yelwa, ina da akwatin wuta mai kyau na wat 650 da nake gwaji da shi a shago. Turo min saƙo ta akwatin sirri, ka zo ka ara na kwana biyu. In ka sa shi ka yi amfani da wayoyinsa kawai, kada ka haɗa da na wani. Da shi za mu raba gardama, don manhajar OCCT mai matsa wa kwamfuta aiki ma da zan ce ka gwada, gwajin wutarta na iya ƙarasa naka gaba ɗaya.

Alhaji_Lopere:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Da rana ta mutu, da dare ba ta mutu ba. Da rana ne wutar gari ke faɗuwa. Ya cire ondilar kuwa kamar yadda aka ce?

Dan_Yelwa:
Baba ban cire ba, tsoron ɗaukewar wuta nake yi.

Alhaji_Lopere:
To ka gani. Ana canza abu biyu uku lokaci guda, ba a canza wanda ya kamata ba.

BabaGoni_Marwa:
Alhaji da rana ne kuma zafi ya fi yawa, don haka hujjarka ta kowa ce 😄

Dan_Yelwa:
Sabon labari. Na karɓo akwatin wutar Yaya MaiGyara shekaranjiya, Allah ya saka masa da alheri, ko kuɗin shayi ya ƙi karɓa. Da na riƙe su biyun a hannu, nasa ya ninka nawa nauyi. Na sa shi, ondila na nan yadda take, ban taɓa Afterburner ba. Jiya awa huɗu, yau awa biyar har da tsakar rana, ba ta mutu ba. Sai dai in faɗi gaskiya, daren da na karɓo shi aka yi ruwan farko a Garwa, garin ya yi sanyi, ɗakina bai wuce 33 ba kwana biyun nan.

Ousmanou_237:
Kai! Gwajin ya lalace ke nan. Ka mayar da tsohon yau ka gani, in shi ma bai mutu ba a wannan sanyin to ba mu san komai ba.

BabaGoni_Marwa:
Kada ka mayar! Ka manta hayaƙin da na ba ku labari? Wat 336 ne fa, ko an yi ƙanƙara a Garwa bai dace da 3060 ba.

Alhaji_Lopere:
Kuma da aka yi ruwa mutane sun rage kunna fanka, wutar unguwa ta daidaita. Mitata 214 take nunawa yau.

MaiGyara_Poumpoumre:
Riƙe shi zuwa Juma'a, zafin zai dawo, ruwan farko ba ya daɗewa. In ya kai Juma'a da azahar bai mutu ba sai mu yi maganar wanda za ka saya. Amma ranar Asabar ina son kayana, akwai kwamfutoci biyu a shago suna jiran sa.

Kusiri_Boy:
Na sauke tawa daga kan katifa. Yanzu kuma fankar tana wani ƙara kamar an sa tsinke a tayar keke, wannan fa?